Gadon Majinyaci Ko Kujerar Jami'a?

Duk wanda ya taɓa kwana a asibiti yana jinyar ɗan'uwansa ya san wanda ke riƙe da asibiti in dare ya raba. Likita ya kan zaga da hantsi, ya duba, ya rubuta magani a kati, ya wuce, don aiki ya yi masa yawa. Wadda za ta ɗaura ruwa, ta yi allura a kan lokacinta, ta lura numfashin yaro ya sake tun uwarsa ba ta farga ba, ita ce ma'aikaciyar jinya, wadda jama'a su ke kira nas. Akwai maza da yawa a cikin wannan aiki, amma za a yi maganar a kan mace, don a kanta ne al'amarin ya fi nauyi. To, in irin wannan ma'aikaciya tana da basira, ta ga hanyar ƙarin karatu ta buɗe mata har zuwa digiri na uku, wanda a ke ce wa digirin digirgir, daga nan kuma ta zama malamar jami'a, daidai ne ta bar bakin gadon majinyaci ta tafi, alhali kuwa mutanen garinsu ba su da wadda za ta maye gurbinta?

A Ikko ko a Badun wannan tambaya ba ta da zafi sosai, don in ɗaya ta tashi akwai wata a bayanta. A ƙasar Gumel ba haka abin ya ke ba. Ƙasa ce ta rairayi, mai rijiyoyi masu zurfi, ta gero da riɗi da zoɓo, ƙauyukanta a warwatse. Ƙananan hukumominta 4 ne, watau Gumel, da Maigatari, da Gagarawa, da Sule Tankarkar, arewacinta kuwa ya jingina da ƙasar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar. Kowace Alhamis kasuwar Maigatari ta kan tara mutane da dabbobi daga ƙasashen biyu, cuta kuwa ba ta tsayawa a ƙofar kwastan ta nuna takarda. Daga watan Oktoba na 2022 zuwa Afrilu na 2023 an ƙidaya mutum 1,686 a Nijeriya waɗanda a ke zaton sanƙarau ya kama, 124 suka rasu. Wajen kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka kamu a Jihar Jigawa su ke, inda abin ya fi tsanani kuwa Maigatari ne da Sule Tankarkar. Mai sanƙarau ba a yi masa allura ɗaya a sallame shi. Kwanaki a ke yi ana bi masa magani a kan lokaci, ana juya shi, ana lura da zafin jikinsa. A irin wannan lokaci hannu ɗaya da ya ragu a ɗakin marasa lafiya ba ƙaramin rashi ba ne.

Hanyar da a ke magana a kanta kuma doguwa ce ƙwarai. Bayan yarinya ta gama sakandare za ta yi shekara 3 a makarantar koyon jinya, irin ta Birnin Kudu, ta ci jarrabawar majalisar da ke ba da lasisi. In tana son digiri sai ta nufi jami'a, Zariya ko Kano ko Sakkwato, ta ƙara waɗansu shekaru. Digiri na biyu ya kan ci wajen shekara 2, na uku ba ya kasa 3, sau da yawa ma ya kan zarce, balle in yajin aiki ya gitta. In aka haɗa, mace za ta kwashe shekara 10 ko fiye tana tafiya tana dawowa, kuma a cikin shekarun da ta fi ƙarfin tsayuwar dare, waɗanda su ne kuma shekarun aure da goyo.

A ɗauki misalin wata yarinya daga wani ƙauye na ƙasar Sule Tankarkar, ko da ba ita ba ce akwai irinta. Daga 2012 zuwa 2020 an yi wani shiri da taimakon gwamnatin Ingila a Jigawa da Kano da Katsina da Yobe da Zamfara, inda a ke ɗauko 'yan matan ƙauye a yi musu shekarar share fage, don su sami shiga makarantun jinya da na ungozoma, da nufin su koma su yi wa ƙauyukansu aiki. A ce ta wannan hanya ta fito. Dagaci ya sa baki, liman ya sa albarka, uwarta ta sayar da tunkiya ta yi mata kuɗin mota, mijinta ya haƙura da tuwon ƙanwarsa shekara da shekaru. Ta dawo ta yi shekara 4 tana karɓar haihuwa, matan da da ba su yarda namiji ya duba su suka soma zuwa awo. Ran nan sai ta durƙusa gaban mahaifinta ta ce, "Baba, an ba ni gurbi a jami'a." Abin da tsohon zai ce ba shi da wuyar ganewa: "To, 'yar nan, karatun da kika yi bai isa ba? Matan garin nan fa, wa kika bar musu?"

Wannan magana ta tsoho ba jahilci ba ne, kada wani ɗan boko ya yi mata dariya. Bashi ya ke tuna mata, bashin kuwa gaskiya ne. Ilmin da ta samu ba ita kaɗai ta saye shi ba, gari ne ya yi mata karo-karo, wani da kuɗi, wani da haƙuri. Bugu da ƙari tsohon ya ga jiya. Ya san hanyar da ta fita daga ƙauye zuwa birni faɗi gare ta, wadda ta dawo kuwa siririya ce kamar turbar awaki. A farkon 2024 magatakardan majalisar ma'aikatan jinya da ungozoma ta Nijeriya ya bayyana cewa fiye da ma'aikata 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara 3. Takardar da ta fi girma ita ta fi saurin buɗe ƙofar Ingila da Amurka da Saudiyya. Wanda ya ga maƙwabtansa sun yi shuka wani ya girbe, in ya yi ɗari-ɗari ba a ce ya yi laifi ba.

Akwai kuma wani abu da masu goyon bayan karatun ba su cika son a faɗa ba. Jami'a tana da ma'auninta, ma'aunin nan kuwa ba ya auna yawan jariran da mutum ya karɓa. Abin da a ke dubawa in za a ƙara wa malami girma shi ne digirinsa, da yawan maƙalun da ya buga a mujallun masana, da Turanci, waɗanda matar Gagarawa ba za ta taɓa gani ba har ta koma ga Mahaliccinta. Saboda haka malama tana iya hawa daga mataki zuwa mataki har ta zama farfesa, hannunta kuwa ya manta yadda a ke neman jijiyar jaririn da gudawa ta tsotse. Wani lokaci ma ba ilmin a ke bi ba, sunan a ke bi. Abin dariya a nan shi ne mutanen ƙauye sun riga sun ba ta sunan tun tuni kyauta, don duk wanda ya sa farin kaya ya riƙe sirinji likita su ke ce masa. In dai don a ce mata Dakta ne, ai ba sai ta sha wahalar shekara 10 ba.

Amma fa wannan gefe ɗaya ne na maganar. Sai a tambayi tsohon nan, cikin ladabi, wa ya koya wa 'yarsa aikin da ya ke alfahari da shi? Wata malama ce a Birnin Kudu, wadda ita ma wata rana ta bar ɗakin marasa lafiya ta koma aji, kuma watakila nata mahaifin ya yi mata irin wannan tambaya. Makarantar jinya ba ta iya ɗaukar ɗalibai yadda ta ga dama. Majalisa ce ke yanka mata adadi, tana duban yawan malamanta da iliminsu da kayan aikinta. In malamai suka yi ƙaranci sai a rage ɗalibai, in aka rage ɗalibai sai ɗakin shan magani na ƙauye ya zauna a kulle. Malaman makarantun jinya kuwa masu digiri ne, masu digiri a jami'a a ke yin su, mai koyarwa a jami'a kuma ba ya nisa sai da digiri na uku. Ashe sarƙa ce, kanta yana Zariya, wutsiyarta tana Sule Tankarkar.

Manomin ƙasar Gumel ya fi kowa gane wannan. Ko yunwa ta kai ina, ba ya taɓa damin da ya keɓe don iri. Yara na kuka, matarsa na kallon rumbu, shi kuwa ya san in aka surfe irin nan aka ci, an ƙoshi kwana uku an sayi yunwar shekara. Ƙasar da ta ce duk ma'aikaciyar jinya ta tsaya a bakin gado, kada ko ɗaya ta wuce gaba, ta cinye irinta ke nan. Za ta dawwama tana aron malamai daga wata nahiya, waɗanda za su zo su yi shekara biyu, zafi ya kore su.

Kudancin ƙasar nan ya riga ya bi wannan hanya. An kafa majalisar kula da aikin jinya a 1947, aka haɗa ta da ta ungozoma a 1979. A 1965 Jami'ar Badun ta buɗe sashen da ya soma ba da digiri a fannin jinya, a shekarar nan ce kuma Kofoworola Pratt, wadda ta yi karatu a asibitin St Thomas na London, ta zama shugabar ma'aikatan jinya ta Nijeriya. Daga wannan sashe na Badun aka sami farfesar jinya ta farko a ƙasar, Elfrida Adebo. Da a ce an tsare waɗannan mata a ɗakin marasa lafiya don ana bukatar hannunsu, da hannu biyu-biyu kawai aka samu daga gare su. Da aka sake su sai suka haifar da ɗaruruwa.

Sa'an nan ba koyarwa kaɗai ba ce amfanin digirin nan. Asalinsa koyon bincike ne, watau mutum ya iya yin tambaya, ya tara shaida, ya ƙidaya, ya fito da amsar da wani zai iya gwadawa ya ga haka ne ko ba haka ba. Florence Nightingale, wadda a ke zana ta riƙe da fitila a yaƙin Kirimiya na 1854, ba da fitila ta rinjayi gwamnatin Ingila ba, da lissafi ne. Ta nuna musu a takarda cewa cututtukan ƙazanta sun fi harsashi kashe sojojinsu. A zamanin nan kuma wata ma'aikaciyar jinya mai digirin digirgir a Amurka, Linda Aiken, ita da abokan aikinta, sun bi asibitoci 300 a ƙasashe 9 na Turai, suka buga sakamako a 2014. Sun tarar duk sa'ad da aka ƙara wa nas majinyaci ɗaya a kan waɗanda ta ke kula da su, haɗarin mutuwar wanda aka yi wa tiyata ya kan ƙaru da kashi 7 cikin 100, in kuwa masu digiri a cikin ma'aikatan suka ƙaru da kashi 10 cikin 100 sai haɗarin ya ragu da kashi 7. A lura, wannan bincike ya ba tsoho gaskiya ya kuma ba 'yarsa, don ya nuna yawan hannu yana ceton rai, zurfin ilmi ma yana ceto. Amma ba a san haka da hujja ba sai da wata ta bar bakin gado ta zauna ta ƙidaya.

Ga misali na kusa da gida. A shekarun 1970 likitoci a asibitin Zariya suka lura mata da yawa suna zuwa da ciwon zuciya da kumburi bayan haihuwa. Da suka bi sawu sai suka danganta abin da al'adun jego, watau shan kunun kanwa mai yawa, da wankan tafasasshen ruwa, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Babu abu ɗaya a cikin waɗannan da ke ɓoye ga kowace 'yar Hausa, a ɗakin uwarta ta gan su. Abin da ya rage shi ne wanda zai haɗa abin da a ke yi a ɗaki da abin da a ke gani a asibiti. Irin waɗannan tambayoyi kuwa jibge su ke a ƙasar Gumel ba mai ɗauka. Me ke sa mai naƙuda ta kwana biyu a gida kafin a ɗora ta a amalanke: rashin kuɗi ne, ko jiran maigida ya dawo daga cin rani ya ba da izini, ko kunyar haihuwar fari, ko wata baƙar magana da aka taɓa gaya mata a asibiti? Asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta soma aikin haihuwa da gyaran yoyon fitsari a 2008, ya ga ƙarshen irin wannan jinkiri. Farkonsa kuwa yana cikin gidaje, bayan zaure, inda baƙo namiji ba ya shiga, baƙuwa kuma in ta shiga sai a gaya mata abin da a ke zaton tana son ji. 'Yar gari, wadda ta san wace ce kishiyar wa, wadda za a ce mata "Shigo mana, Malama" a shimfiɗa mata tabarma, ita kaɗai za a gaya wa gaskiya. In ba ta koyi bincike ba gaskiyar za ta tsaya a hira.

Hausawa ba baƙi ba ne ga tafiya neman ilmi. Tun kafin boko yaro ya kan bar gida yana ƙolo, ya zama titibiri, ya zama gardi, ya nufi gabas, ƙasar Barno wadda sarakunan Gumel suka daɗe suna da alaƙa da ita, ya yi shekaru ba a ji ɗuriyarsa ba. Gonar ubansa ta rasa hannunsa duk damina, amma ba wanda ya ce ya ci amanar gari. Dalili kuwa an san inda tafiyar za ta ƙare: zai dawo alaramma ko gwani, ya hura wutar tsangaya, 'ya'yan waɗanda suka yi noma ba shi su zauna gabansa. Rashinsa bashi ne, tsangayar kuwa biya. Wanda a ke zargi shi ne wanda ya tafi da sunan karatu ya ɓuge da kasuwanci a wata ƙasa, ya manta hanyar gida.

A nan ne za a iya yanke hukunci. Bashin da ke kan ma'aikaciyar jinya ba ya faɗuwa don ta sami gurbi a jami'a, amma ba dole ba ne a biya shi da irin kuɗin da aka ci shi. Gari ya ba ta ilmi don matansa su daina mutuwa wajen haihuwa, ba don ya mallaki ƙafafunta ba. In tafiyarta za ta kai ga wannan bukata ta hanya mai nisa, ba ta ci amana ba. Sai dai ita ce za ta nuna haka a aikace, ba da baki ba. Za a gane ta a kan abin da ta zaɓa ta bincika, ko ciwon mutanenta ne ko abin da ya fi saurin shiga mujalla. Za a gane ta in ta rubuta abin da ta gano da Turanci don masana, sa'an nan ta zo ta faɗe shi da Hausa a gaban hakimi da ungozomomin gargajiya. Za a gane ta kuma a wurin da ta zauna bayan ta gama. Jigawa, wadda aka yanke daga Kano a 1991, ta sami jami'ar tarayya a Dutse a 2011, ta kafa tata a Kafin Hausa a 2013, ga kuma makarantun jinya masu jiran malamai. Uzurin cewa babu inda mai babban digiri zai zauna a gida ya fi rauni yanzu bisa ga da.

Ba daidai ba ne kuma a ɗora mata nauyin duka, don rabin laifin na tsari ne. Farfesan likitanci a asibitin koyarwa ya kan shiga aji da safe, ya zaga ɗakin marasa lafiya da ɗalibansa, ya shiga ɗakin tiyata, ba wanda ya ce masa ya zaɓi ɗaya. Malamar jinya kuwa galibi in ta karɓi takardar jami'a ta fita ke nan daga ma'aikatan asibiti, ta koma wani tsarin albashi, ta zama baƙuwa a ɗakin da ta girma a ciki. Wannan katanga mutane ne suka gina ta, hukuma kuma tana iya huda mata ƙofa, ta yadda malama za ta riƙa yin waɗansu kwanaki na kowane wata a babban asibitin Gumel tare da ɗalibanta, a lissafa mata wannan cikin aikin da a ke ƙara girma da shi. Haka nan hukumar da ta hana ma'aikaciyarta hutun karatu shekara bayan shekara, da hujjar babu madadi, alhali ba ta nemi madadin ba, ita ce ke koya mata ta ajiye aikin gaba ɗaya ta nemi fasfo.

Saura wuri ɗaya mai wuya, wanda ba a iya sassauta shi da daɗin baki. In ita kaɗai ce ungozoma a ɗakin shan magani, daga ita sai mai shara da mai gadi, in ta rufe ƙofa ranar Lahadi ba mai buɗewa ranar Litinin, to, ɗaliban da za ta koyar nan da shekara 10 ba za su karɓi haihuwar matar da ke da cikin wata takwas yau ba. Wannan mata tana da suna, tana da gida, ta riga ta zo awo sau uku. A irin wannan hali abin da ya wajaba shi ne ta nemi jami'a ta ɗage mata gurbin zuwa shekara mai zuwa, ta rubuta wa hukumar lafiya ta sanar da ranar da za ta tashi, ta kai kwafin takardar ga hakimi don ya sa baki a aiko wata. Jinkirin shekara ɗaya haƙƙin matan garin ne. Na shekara biyar kuwa ba haƙƙin kowa ba ne, sakacin ofis ne a ke so ta biya da rayuwarta.

In madadin ta iso, kada ta miƙa mata makulli kawai ta hau mota. Ta zauna da ita wata guda ko biyu, ta zaga da ita gida-gida, ta nuna mata tsohuwar ungozomar da in ba ta yarda ba ba mai zuwa awo, da mai motar da ke amsa kira cikin dare, da matan da aka taɓa yi wa aiki a haihuwar baya. In kuma da hali ta daidaita tafiyar da bayan kaka, sa'ad da zazzaɓin damina ya lafa, tun iskar bazara ba ta kawo sanƙarau ba.